Hudar da Aka Yi wa Allunan Yaya

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gida, ni da yayana da wani dogon ƙunshi da na naɗe a tsohuwar tabarma. Umma ta rako mu har bakin ƙofa tana ta Allah ya tsare, tana kallon Yaya kamar wanda zai hau jirgi. Abin da aka faɗa masa shi ne za mu gaishe da Kaka a ƙauye, can gaba da Jahun. Gaskiya ne, amma rabinta.

Na san a cikinku akwai waɗanda ba su san labarin ba, bari in gajarta. Yaya ya yi karatun shekara huɗu a wata ƙasa mai sanyi, a wani gari da ke gindin duwatsu, inda dusar ƙanƙara ke rufe ko'ina kusan rabin shekara. Ranakun hutu yana aiki a shagon wani tsoho mai ba da hayar allunan zamiya, waɗanda su can suke ce wa siki. Alluna ne biyu dogaye, ɗaya a kowace ƙafa, mutum ya sulalo a kansu daga saman dutse. Aikin Yaya a shagon shi ne ɗaura mariƙi, wato ƙarfen da ake kafawa a kan allon ya cafke takalmi. Da zai dawo, tsohon ya ba shi sababbi dal, ba a taɓa huda su ba, mariƙan suna cikin kwalinsu daban. Yaya ya ce ranar da ya koma, shi zai ɗaura su da hannunsa.

Shekara biyu ke nan da dawowarsa. Aiki bai samu ba, takardar komawa ba ta fito ba. Wata bakwai da suka wuce ya daina fita in ba sallar Juma'a ba. Abinci a miƙa masa, kwano ya dawo da rabi. Umma kuka take yi a ɗakin girki. Ni ban iya kuka ba, haushi nake ji. Sai na tuna ya taɓa cewa rairayin tudun bayan gidan Kaka ya kusa kama da ƙanƙarar can wajen laushi. Na ce to, in dutsen ƙanƙara ya gagara, ga tudun rairayi. Na shiga sito na ɗauko allunan da kwalin, yana ɗaki bai sani ba, na kai wa kafintan bakin layinmu ya haɗa min su.

Da asubar nan Yaya yana ganin tsawon ƙunshin ya gane. Ya kalli jakar bakko da na cusa takalmansa na zamiya, ya kalle ni, ya ce wahalar banza nake yi, ba a ɗaura musu mariƙi ba. Na ce ya bar min wannan. Ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa ina ta jin daɗi a raina, wai na shirya masa abin mamaki.

A tashar Dutse ɗan kamasho ya zagaya ƙunshin sau biyu, ya tambaye ni makara ce ko silin. Na ce kayan mutane ne, ya ɗaura kawai. Sai da na biya kuɗin kujera guda a kansa, ga kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Aka zura shi ta but, rabinsa a waje, aka ɗaure masa jan tsumma. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, muka bar duwatsun gari a bayanmu gari yana wayewa.

Lokacin kaka ne. Hagu da dama an yanke gero, an tsayar da riɗi yana shan rana, awaki suna bin karan da aka bari. Titin babu laifi, sai inda damina ta ci gefensa direba ya kauce yana tsaki. A Kiyawa wani ya sauka, muka tsaya ɗaukar fasinja, na sayi awara mai zafi, guda huɗu ɗari biyu, ƙanana kamar an yanka da reza. Na miƙa wa Yaya, ya girgiza kai.

Wani dattijo da ya shiga a nan ne ya buɗe masa baki. Ya tambayi mene ne wannan da ke leƙe ta bayan mota. Na zaci Yaya zai yi shiru, sai ji na yi ya fara magana, kuma bai tsaya ba har muka kusa Jahun. Rabona da jin muryarsa haka har na manta. Ya ce nasa ba irin kowa ba ne, faffaɗa ne, an yi su ne don sabuwar ƙanƙarar da ta sauka ba wanda ya taka, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wadda mutum kan nutse a ciki har gwiwa. Siriri lumewa yake, faffaɗa kuwa yawo yake a sama kamar kwalekwale, ba ka jin ƙarar komai sai numfashinka. Dattijon ya tambaya ko suna da ƙarko. Yaya ya ce na maigidansa sun shekara tara, duwatsu sun kakkarce ƙasansu, ana cikewa ana ci gaba. Ya ce dutse ba ya kashe allo, huda ce ke kashe shi. Kowane rami ana auna zurfinsa don kada ƙusa ta ɓulla, a ɗiga gam a ciki don kada ruwa ya kai ga itacen tsakiya. Sannan akwai wani ɗan layi da masu ƙerawa ke sakawa a jiki, baya kaɗan da tsakiyar allon, a nan tsakiyar takalmi za ta zauna. In aka kai mariƙi gaba, hancin allon nutsewa zai yi, mutum ya kifa.

Dattijon ya gyaɗa kai ya ce kamar lodin amalanke ke nan, in ka danne gaba shanu sun sha wuya. Suka yi dariya. Ni ban yi dariya ba.

Domin na ga layin nan. Baba kafinta da kansa ya nuna min shi da farce, ya tambaya ko yana da wata ma'ana. Na ce ado ne, ya yi kawai, sauri nake. Sai ya ja tef ɗinsa daga wannan baki zuwa wancan, ya raba biyu, ya zana da fensir kamar yadda yake yi wa benci, yana cewa abin da bai zauna a tsakiya ba ba zai daidaita ba. Ƙusoshin murɗin da ke cikin kwali ya ce sun yi gajeru, ba za su riƙe ƙato ba, ya ɗebo nasa na ƙofa. Da suka ɓulla ta ƙasa ya goge bakinsu da magagari har suka yi sumul. Aikin kirki ya yi iya saninsa. Ko kwabo bai karɓa ba, ya ce in dai Yaya zai fito ya sha iska, ladan ya ishe shi.

A Jahun ban ga komai ba, gaskiya. Na san kasuwa ta fara cika, na san akwai masu rake da masu nono a bakin asibiti, na san wata mata ta taka min ƙafa ban ko tanka ba, ni da ba a taka ni a wuce. Muka ɗauki babura biyu. Mai babur ɗina ya ɗora ƙunshin a gicciye, muka riƙa share geza a hanyar rairayi, sau biyu muna sauka mu tura. Sau uku na buɗe baki zan kira Yaya in faɗa masa, ya riga ya yi nisa.

Kaka na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tana ganinsa ta ce, "Maigida, ashe kana raye? Har na fara duba wani." Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce wa zai kwashi tsohuwa in ba shi ba. Ta shafa wuyansa, dariyarta ta ɗauke, ta ce duk ƙashi ne. Ta dama fura ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Na ce a raina ko nan muka tsaya tafiya ta biya. Amma shi ne da kansa ya kalli ƙunshin ya ce, tunda na jajibo su, mu je ya ga tudun kafin rairayi ya ɗau zafi.

Tudun da muke zamiya a kansa cikin fasasshen daro muna yara, motocin tifa sun cinye rabinsa. Mun tarar da guda ana loda mata, leburori biyar da shebur. Abin da ya rage gangare ne mai tsayi, fari tas, babu ciyawa. Na ajiye ƙunshin na kwance igiya.

Yaya ya matso kusa. Sannan ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan ɗan layin, ya auna da taƙinsa zuwa inda aka kafa mariƙin. Taƙi guda cur. Ya juya allon, ya bi bakin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, takwas a wannan, takwas a wancan.

"Wa ya yi?"

"Baba kafinta. Amma ni na sa shi. Ya tambaye ni layin, na ce ado ne."

Na jira faɗa. Wallahi na so ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce ban da hankali, don da na san abin da zan mayar. Bai yi ba. Ya ce in miƙo takalman. Ya karɓi kyandir ɗin da na zo da shi, don na taɓa ji ya ce ana shafa musu kaki, ya goga a ƙasansu a hankali. Ya saɓa su a kafaɗa ya hau tudun, yana hutawa duk taku goma. Wata bakwai a ɗaki ba wasa ba ne.

Leburorin suka ajiye shebur. Daga sama ya ɗaura su a ƙafa, ya karkata jiki, ya taho. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan lokaci kaɗan, bai fi a ƙirga biyar ba, na ga mutumin da yake ba mu labari. Gwiwoyi a lanƙwashe, kafaɗa a sake, rairayi na tashi ta gefe. Sai hancin allon ya nutse kamar yadda ya faɗa a mota, ya kifa da fuska. Ɗaya daga cikin leburorin ya ce, "Malam, da buhu ka samu ya fi wannan gudu." Yaya ya tofar da ƙasa, ya ce ya gode, ya sake hawa.

Na biyun ya jingina baya sosai don ya ɗaga hancin. Ya fi na farko nisa. Wajen tsakiyar gangaren na ji ƙara kamar an karya rake. Mariƙin dama ya tumɓuke da ƙusoshinsa da tsokar itace, allon ya tsage bin layin ramukan, ya sulalo shi kaɗai har gaban ƙafata. Yaya ya zauna a inda ya faɗi. Leburorin suka koma lodinsu ba wanda ya ƙara tsokana.

Na hau na same shi. Bai ji ciwo ba sai ɗan gurjewa a gwiwar hannu. Na ce ya yafe min, zan nemo wanda zai gyara, ko a Kano ne. Ya ce ba a gyara wannan. Yana kallon tifar tana fita ya ce, "Ki daina damuwa. Dama ba komawa zan yi ba. Na daɗe da sani, allunan ne kawai ba su sani ba."

Na sauka na tattara allunan, muka koma gida.

Kaka ta karɓi tsagaggen ta ce zai tare mata ƙofar garken awaki, mai lafiyar kuma ta jingina a bayan rumbu. Ta haɗa mana gyaɗa da kuka. Da dawowa babu kuɗin kaya, babu mai tambayar makara. Yaya ya yi barci tun daga Jahun, kansa a jikin gilashi, kwalin ƙananan ƙusoshin nan da ba a yi amfani da su ba, wanda ya tarar a jakar bakko, yana kan cinyarsa. Ana kiran magariba muka shigo Dutse.

Yau kwana tara. Yaya yana fita. Washegarin dawowarmu ya je ya gaishe da Baba kafinta, ya yi masa godiya, yanzu kusan kullum yana can yana riƙe masa tef. Umma ta daina kuka, har cewa take Allah ya yi min albarka. Abin da na fita nema na samu ke nan, sai dai ba na jin daɗinsa. Da, ko yana ɗaki, in na kai masa abinci yakan ce idan na koma kaza, idan na koma kaza, ni kuma in yi tsaki. Tun ranar bai ƙara faɗa ba, bai ƙara ambaton ƙanƙara ba ko sau ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Ni a ganina abin da aka ajiye ba a amfani da shi asara ce, ashe wani ajiyar ce amfaninsa. Kuma Baba kafinta ya nuna min layi da farcensa ya tambaye ni, ɗakin Yaya mai amsar bai fi taku talatin daga wurin ba, na ce sauri nake. Jiya na shiga sito ɗebo gawayi, na ga shatin allunan a jikin bango, dogaye biyu, inda fenti bai dushe ba. Na ɗebi gawayina na fito, na ja ƙofar.