Ramuka Biyu a Ƙwaurin 'Yata

Yau kare ya ciji 'yata a Tudun Wada, sai marigayiya Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai. Ranar da kare ya cije ni ina ƙarama, ita ta danne ƙafata tana dirza sabulun salo, hannunta na ƙamshin man shanu. Ta ce, "Kar ki dubi jinin, dubi ramin. Haƙorin nan fiƙa sunansa, don a fiƙe yake kamar tsinke. In ya nutse, sai asibiti."

Goggo, ya nutse. Ga mu cikin keke, asibiti biyu mun je babu allurar cizon kare. Kuma ba mai ce mini kar in dubi jinin.

Allah ya haskaka kabarinki, ya bar mini yarinyar nan.