Taubashina da Fim ɗin da Ba Waƙa

Ni dai tun ina budurwa finafinan soyayya ke ba ni haushi, kuma ban fasa kallo ba. A Gummi muke, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata. In na taso aiki sai in aika a tura mini sababbi a waya, in zauna ina kallo ina tsaki. Yaro ya yi karo da yarinya, littafinta ya faɗi, ya duƙa ta duƙa, kafin ka ƙifta ido ga su cikin lambu suna waƙa suna canja kaya. Daga nan uban yarinya ya ce bai yarda ba. Maigidana yakan ce, "To wa ya aike ki? Kashe mana ki huta." In ce masa so nake in ga ko yau za su ba ni mamaki. Ba su taɓa ba ni ba.

Wata shekara na je wani ƙauye a ƙasar Anka duba yayata, bayan ciwon nan na gubar dalma da ya ɗebi yara a garuruwan masu zinari. Mijinta niƙan dutse yake yi, irin wanda ake wanke zinari daga garinsa. Lokacin an hana niƙa a cikin gida, an kuma faɗa musu ƙurar da ke maƙale wa tufafi ma guba ce. To kullum da la'asar sakaliya sai in ga yayata ta ninke riga da wando wankakku, ta ɗora a kan bokiti, ta nufi rijiyar bayan gari. Shi kuma ya taso daga aiki fari fat da ƙura, ya tsaya can nesa, ba ya yarda ta matso shi sai ya shiga zagayen kara ya yi wanka ya sake kaya. Ba wata hira suke yi ba. Ta ajiye, ta koma gindin itace ta juya baya, in ya fito ya wuce gaba ta bi shi. Sun binne ɗa ɗaya a wancan ciwo, ban taɓa jin ɗayansu ya ambace shi ba.

Da na dawo gida na zauna na rubuta labarin miji da mata irin waɗannan, waɗanda aurensu ya daɗe, ba wanda ya taɓa ce wa wani yana son shi. Na sha wuya a kansa. In gama darasi, in gama girki, in jawo takardu. Na yaga na sake, na sake yagawa, har sai da na ji ba kalma ɗaya a ciki da na aro daga wani fim. Wannan ne abin da na fi taƙama da shi, cewa nawa ne tun daga tushe.

Wanda zai mayar da shi fim kuwa ban yi dogon nema ba. Taubashina ne, ɗan Kawu, ƙanin Innata. Yana da shago kusa da kasuwa inda yake tura wa mutane finafinai a waya, yana kuma ɗaukar bukukuwa da kyamara. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Ya fizge mini ɗankwali ya gudu, ni in zuba masa barkono a fura. In na je wa Inna da kuka sai ta ce, "Taubashinki ne, je ki rama." Yana ce mini baiwata, ina ce masa bawana. Duk dangi ba wanda nake sakin jiki da shi kamarsa.

Da ya gama karantawa ya ɗago ya ce, "Baiwata, ina waƙar?"

Na ce babu.

"Ina mai kuɗin da zai zo ya ƙwace ta?"

"Babu. Kai dai ka riƙe kyamara, ba a tambayi kanka ba."

Ya yi ta mita, ya ce zan kashe masa kasuwa, amma ya yarda. Kuma tsakani da Allah ya yi aiki. Ya samo 'yan wasan kwaikwayo na garinmu, aka kafa zagayen kara a bakin fadama, aka shafe jarumin da toka a madadin ƙurar dutse. Da aka haɗa fim ɗin, sunana ya fito a farko, manya-manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin kalmar labari. Ranar da na gani sai da na shiga ɗaki na yi hawaye.

Mun nuna shi karon farko a ɗakin taro na wata makaranta, da yamma, maza gefe mata gefe. An fara lafiya. Da tafiya ta yi tafiya mutane suka ga ba lambu ba kiɗa, sai guna-guni ya tashi daga bayan ɗaki inda samari suke. Wani ya ce, "A tura gaba, a kai mu wurin waƙa!" Wani ya amsa masa, "Wanga fim ne ko wa'azin ma'aikatan lafiya?" Da aka zo inda matar ta ajiye kaya ta juya baya, wurin da na fi ji da shi a duk labarin, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ke juyo mana ki gan shi, ai mijinki ne!" Ɗakin ya ɗauki dariya. Wasu suka fara fita. Ni kuwa ina zaune cikin mata, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Da aka kunna fitila taubashina ya miƙe ya karɓi lasifika. Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri da ni. Ga mai laifin can zaune, baiwata ce ta rubuta. Ni kyamara kawai na riƙe. Na ce a sa waƙa ta ƙi, in jifa za ku yi ku jefe ta." Aka sake kwashewa da dariya, kowa ya juyo yana kallona. Na yi dariyar ni ma, har na ce masa ai bawa ba ya zaɓen aiki. Me zan yi? Wasan taubasai ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Amma maganar ta soke ni, na kwana biyu ban leƙa shagonsa ba.

Na ɗauka fim ɗin ya mutu ke nan. Ashe yana tafiya ta inda ba mu zata ba. Wata ta tura wa ƙanwarta da ke aure a Bukkuyum, waccan ta tura wa matan gidansu, ya shiga ƙauyukan Anka daga waya zuwa waya. Mata suka riƙe shi. A gidan suna za ka ji ana musu a kansa. Wasu na cewa matar nan wauta ce da ita, kullum ita ce ɗaukar bokiti ba ko sannu. Wasu na cewa ai tsayawar da yake yi nesa da ita ita ce sannun. Na ji labarin baƙin da suka zo haƙar zinari daga wasu jihohi, waɗanda suka baro iyalinsu a gida, suna taruwa a kan waya ɗaya suna kallonsa. Samarin da suka yi mana ihu ma suka koma shagon suna cewa a tura musu fim ɗin nan na wanka. Har yau akwai masu cewa barci yake sa su, ban kuma ce sun yi ƙarya ba.

Wata rana ina cikin mota daga Anka zan dawo gida, wata dattijuwa kusa da ni tana kallonsa a wayar jikarta. Da ya ƙare ta share ido da bakin zane ta ce mini, "Ɗiyata, kin ga wanga? Ba a taɓa nuna irinmu ba sai yau." Zuciyata ta yi fari. Ina shirin in ce mata ni na rubuta, sai jikar ta ce, "Namiji ne fa ya rubuta, wani ɗan Gummi. Jiya aka yi hira da shi a rediyo."

Na ce ta ba ni wayar. Na mayar da fim ɗin farko. Inda sunana yake, nasa ne a wurin, labari da tsarawa da ba da umarni duk shi. Na tura har ƙarshe ina nema. Na samu kaina can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya, tsakanin mai abinci da wanda ya ba da aron bokiti. Wallahi ban san lokacin da motar ta iso Gummi ba.

A daren ban iya cin tuwo ba. Washegari wata malama 'yar'uwar aikina ta kunna mini hirar, ta naɗa a wayarta don tana zaton zan ji daɗi. Na ji muryarsa tangaran yana cewa ya gaji da kwaikwayon finafinan waje, ya gaji da waƙa da rawa, shi ya sa ya zauna ya yi tunanin labarin da ya fito daga cikinmu. Ya ce mutane sun yi masa ihu ranar farko amma bai karaya ba. Shi! Mutumin da ya nuna ni da yatsa ya ce a jefe ni. Mutumin da ko hanyar ƙauyen yayata bai sani ba.

Na same shi a shago, samari cike. Na ce, "Ina sunana?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ku ji mini baiwata! Tun yaushe baiwa ta fara mallakar kaya? Ai duk abin da kika yi nawa ne." Samarin suka tuntsire. Na ce masa ba wasa nake ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, ya ƙyafta musu ido. Sannan ya rage murya ya ce masu saye a birni sun fi yarda da suna ɗaya, kuma ni matar aure ce, me zan yi da suna a fim? Duk abin da zan faɗa, na san dariya za a mayar da shi.

Na kai ƙara wurin Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi, ya ce, "Ke da bawanki? Ni ban shiga tsakanin taubasai. Je ki ƙwace masa wani abu ke ma." Na ce, "Kawu, ku dubi maganar nan, ba ɗankwali ya ɗauka ba." Ya ce to zai yi masa magana, ya jawo rediyonsa. Inna kuwa cewa ta yi, "Kina son ki raba ni da ɗan'uwana a kan fim? In ya yi suna ai gidanmu ya yi suna." Maigidana ya ce zai je ya same shi, na hana, don na san nan ma cewa za a yi mijin baiwa ya zo ƙarar ubangijinta. Ko'ina na juya wasan nan ya tare mini hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai, na tabbata ya san haka tun kafin ya goge sunan. Da baƙo ne ya yi mini da ya ji tsoron a ji. Shi ya san ba wanda zai saurare ni.

Bayan wani lokaci aka yi sallah ƙarama, muka taru gidan Inna kamar kullum. Ina tsakar gida ina zuba miya sai ga shi ya shigo da sabuwar shadda, yana baza murya tun daga zaure.

"Ina baiwar nan tawa? Fito ki cire mini takalmi, sannan akwai aiki, jama'a na son fim na biyu!"

Yara suka fara dariya, suna jiran su ji me zan mayar masa, don sun saba in ya kawo ɗaya in ba shi biyu. Na ajiye ludayi. Na gyara mayafina. Na je gabansa na rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo babba, na ce, "Sannu da zuwa, Malam. An yi sallah lafiya? Ina iyali?"

Ya ce, "Kai, yau baiwa ta yi hankali," yana dube-dube ko wani zai taya shi. Ba wanda ya taya shi. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa a kwanon baƙi, na ajiye da hannu biyu, na ce, "Bismillah, Malam." Ya kira ni da sunan tsokanar da yake kirana tun muna tallan gyaɗa. Na ce, "Na'am, akwai abin da za a ƙaro?"

Ya zauna a bakin tabarmar yana jujjuya hularsa, bai taɓa ruwan ba. Inna ta leƙo daga ɗaki ta dube ni ta dube shi, ta ce a hankali, "Ke, mi ya yi zafi haka?" Na ce ba komai, Inna, baƙo na gaisar.

Ya tashi kafin a kawo abinci. Shekaru ke nan yanzu, duk inda muka haɗu gaisawa muke yi da mutunci, in tambayi iyalinsa ya tambayi nawa. Ya aiko mutane, ya zo da kansa, ya ce in zage shi ko sau ɗaya ne. Sunana kuwa bai mayar ba, ni ma ban sake yi masa wasa ba.