Gonar da Ban Shuka Ba

A takarda gonar tawa ce, gadon mahaifina a bakin kanal ɗin ban ruwa ta wajen Bunkure, amma ban taɓa dasa ko tushe ɗaya na shinkafa a cikinta ba. Ina koyarwa a Kumbotso, kuma ni da laka ba ma ga maciji. Haya nake bai wa wani dattijo Bafulatani da ya daɗe a ƙauyenmu, muna ce masa Baffa. Shekarar da ruwan sama ya fasa kanal, bijimai biyu ya sayar ya zuba a gonar. Ana dab da yankan shinkafar, ruwa ya kwanta a kanta har ta ruɓe.

Da gwamnati ta ce za ta ba da tallafi, aka ce sunan da ke rajistar fili za a rubuta, kuma sai mai sunan ya tsaya cikin gonar an ɗauke shi hoto. Baffa ya bugo mini waya, na zo da farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Iyakar gonar ma ban gane ba, shi ya nuna mini. Ya karɓi takalmana ya riƙe, ya ja ni gefe.

"Malam, in ma'aikatan gwamnati sun tambayi irin shinkafar, ka ce jamila. Ka naɗe wandon nan, kada su ga ba ka saba ba."

Na shiga ruwan har gwiwa, na ɓata fuska, aka ɗauka. Ma'aikacin har jaje ya yi mini, na amsa. Baffa yana kan gaɓa da takalmana a hannu, ba wanda ya ce masa sannu.

Ban yi niyyar cin kuɗin ba, wallahi. Ranar da suka shigo wayata rufin ɗakina yana yoyo, na ce in ara in mayar. Da Baffa ya kira ya tambaya, sai na ji bakina ya ce, "Ai shiru har yanzu." Ya sake kira bayan mako biyu, na ƙara da zagin gwamnati, har da cewa ba su da tsoron Allah. Ya ba ni haƙuri. Daga nan bai ƙara kira ba, ni kuma na ji daɗi, abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

Da lokacin noman rani ya zo, na gan shi a kasuwar Bunkure yana jiran motar Kadawa. Ya ce bana ba zai karɓi gonar ba, ba abin da zai zuba mata, tsinkar tumatir zai je yi a gonar wasu. Na soma cewa ai da tallafin nan ya fito, sai ya ɗaga mini hannu.

"Bari, Malam. Duk maƙwabtan gonar rana ɗaya aka tura musu, na sani tun a lokacin. Na daina kira ne don duk kiran da na yi sai ka yi ƙarya, kai kuwa yara kake koyarwa. Ban so ya zama ni nake sa ka ba."

Motar ta zo, ya ce in gaida gida, ya hau baya.