Gadon Sista a Jakar Leda

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zai iya cinye ranar da na durƙusa a gaban wani tsoho Ba'indiye a unguwar Cheras, riƙe da kular waina, ina roƙonsa kada ya raba 'yata da makarantarta. Har yau in na tuna sai in yi dariya, kafin in ankara kuma ƙwalla ta zo.

Karatun maigidana ne ya kai mu Kuala Lumpur, tare da 'yarmu tilo wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana goye. Ta kai shekara biyar, amma duk abin da take so sai dai ta ja min zane ta yi ta kuka, in na kasa ganewa ni ma in taya ta. Mun buga nan mun buga can, ba mu samu makarantar da ta dace da ita ba. Wata maƙwabciyata 'yar ƙasar ce ta yi min kwatancen wani tsohon gida a bayan kasuwa, inda sistocin Katolika ke koya wa kurame maganar hannu.

Na daɗe ina jan ƙafa. Ni da na tashi a gidan malamai, in miƙa 'yata ga sistoci? Da dai na ga zaman ba ya ƙara mana komai sai na je. Shugabarsu wata 'yar tsohuwa ce Ba'indiya, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, da tabarau mai kauri. Ta dubi hijabina, ta gane abin da ke raina tun ban buɗe baki ba. Ta ce, "Ni hannu nake koyarwa, 'yata. Salla aikinki ne. In ta iya hannu, ai kin samu hanyar koya mata."

Haka kuwa aka yi. Ba a rufa shekara ba, wata rana ina wanke-wanke yarinyar ta taɓa ni, ta yi alamar da ke nufin uwa, ta nuna ni da yatsa. Na zauna daɓas a ƙasan kicin, hannuna duk kumfa, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Gidan nan kowa gidan Sista yake ce masa. Ginin da ne, da ƙaton iccen mangwaro a tsakar gida, dogayen benaye sun kewaye shi kamar kaza a garken raƙuma. Ko makaho ya san filin nan zai yi tsada. To, ana nan sai wata safiya muka kai yara muka tarar da ƙofa a rufe, aka ce Sista, shugabar nan, ta rasu.

Allah ya yafe min, baƙin cikina bai kai tsorona ba. Dalili kuwa, na san abin da ke biyo bayan mutuwar mai gida. Mahaifina ya yi shekaru yana koyar da matan aure a ɗakuna biyu na ƙofar gidanmu a Zariya. Kullum cewa yake, "Waɗannan na bar wa Allah." A baki kawai yake faɗa, ba shaidu, ba rubutu. Da ya rasu aka zo rabon gado, ɗakunan suka faɗa kason yayana. Yau siminti ake sayarwa a inda mata suke haddar Ƙur'ani. Ba laifin gado ba ne, Allah ne ya raba shi. Laifin maganar da ba a ɗaure ba ne.

Na ce wa maigidana, "Malam, makarantar nan ta tafi. Magada za su zo." Ya ce, "Ke dai kin cika yanke hukunci. Bari mu yi confirming, mu tabbatar tukuna." Na ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Bayan an yi jana'iza aka buɗe makaranta, sai ga abin da nake tsoro. Wani tsoho yana zagaya gidan, ya shafa bango, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya tsaya ya daɗe yana kallon mangwaron nan. Na tambayi mai dafa wa yara abinci, ta ce ƙanen marigayiya ne daga garin Ipoh, shi kaɗai ya rage mata. Na ce shi ke nan, magaji ya zo ƙiyasta kaya.

Washegari na tashi na soya waina, na yi miyar taushe, wai abincin ta'aziyya, alhali ni na san na toshiyar baki ne. Na same shi zaune a baranda, na durƙusa kamar yadda zan yi wa baffana. Na ce, "Ankul, Allah ya ba ku haƙuri." Ya amsa. Sai na kwararo masa abin da ke cikina da guntun Turancina: na san haƙƙinsa ne, ba wanda zai hana shi, amma don Allah ya jinkirta sayarwa ko zuwa ƙarshen shekara, 'yata yanzu ta fara magana da hannu.

Ya karkata kai ya ce da irin karin maganar ƙasar, "In sayar da me, lah?"

Na ce, "Gidan."

Ya kalle ni, sannan ya fashe da dariya har yana tari. Hayaniyar ta fito da sistar da ta hau kujerar marigayiya, wata 'yar asalin Sin mai fara'a. Tsohon ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya jawo wata jakar leda, ya zazzage ta a cinyarsa. Tabarau, silifa, carbi irin nasu, da hoton mahaifiyarsu. Ya ce, "Ga gadon nan gaba ɗaya. In saye kika zo, silifan boleh, kina iya ɗauka, amma tabarau ba na sayarwa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sabuwar shugabar ta kama hannuna ta tashe ni, ta zaunar da ni, ta yi min bayani a hankali. Ta ce duk wadda ta shiga cikinsu alkawari take ɗauka cewa ba za ta tara abin kanta ba. Gidan kuwa bai taɓa zama na marigayiya ba. Tun da daɗewa magabatansu suka nemi hukuma ta yi musu doka, wadda ta ɗauki kujerar shugabarsu a matsayin mutum mai zaman kansa. Kujerar ce ke mallakar fili, ita ke saye, ita ake kaiwa ƙara. Ta ce, "Wadda ke zaune a kai tana mutuwa, kujerar ba ta mutuwa. Jiya ita ce, yau ni ce, gobe wata. Ba ɗan'uwan kowa da zai gaji ko bulo ɗaya."

Na ce a raina, ashe wakafi ne, irin wanda Baba ya so yi, sai dai su sun ɗaure nasu tamau.

Na tambayi tsohon, to hotunan fa? Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce lokacin da yayarsa ta zaɓi wannan rayuwa ya yi fushi, ya yi shekaru bai neme ta ba. Ranar da ya sauko, dashen mangwaro ya riƙo a motar haya ya kawo mata, don bai san yadda zai ce ta yafe masa ba. Shi ne iccen nan. Sallama ya zo yi da shi.

Muna cikin haka aka tashi yara. 'Yata ta rugo, ta hangi tabaran a cinyarsa ta tsaya cak. Ta zagaya idanunta da yatsu, wato sunan da yaran suka raɗa wa marigayiya, sannan ta tambaya da hannu, tana ina? Sabuwar shugabar ta sunkuya ta amsa mata da hannu: ta tafi, amma gobe akwai makaranta. Yarinyar ta gyaɗa kai. Tsohon kuma ya cinye wainar nan tas, yana share ido yana cewa yaji ne.

Shekara uku 'yata ta ƙara a gidan nan kafin mu dawo Zariya. Yau ita ke karanta min saƙo a waya, ita ke gyara min hannu in na yi kuskure. Ban san da bakin da zan gode wa matan nan ba.

Da na tashi buɗe ajin kurame a filin da na saya a Zariya, kafin a yi fenti sai da na je wajen lauya. Aka yi rajistar amintattu, aka kira malamai da shaidu, aka rubuta wakafi. Yayana ya ce, "Ke kuwa wace irin wauta ce wannan, ki cire sunanki daga abinki?" Na dai bi ta gaban shagon simintinsa na wuce gida. Abin da jakar ledar nan ta koya min ke nan: duk abin da kake so ya rayu bayanka, ka sauke sunanka daga kansa tun kana da rai.