Jan-Ciki

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin sama mai kujera shida, yana kai likitoci da akwatunan magani ƙauyuka. Ya sauka lafiya sau dubbai, ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Sau ɗaya tak ya manta bai fito da tayoyi ba, daga nan ya samu suna: Jan-Ciki.

Ranar yana gangarowa, titin sauka na gabansa, sai mai hasumiyar filin jirgi, abokinsa, ya kasa haƙuri ya faɗa ta rediyo, "Maiɗakinka ta haihu!"

A daidai nan ƙarar gargaɗi ta tashi a saman kansa.

Ya ce, "Mace ko namiji? Ɗaga murya, wani abu ya cika mini kunne!"

Abin da ya cika masa kunnen kuwa tayoyi yake tuna masa. Jirgi ya ja ciki mita ɗari biyu, farfela ta lanƙwashe, likitan da ke baya ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Shi kuma gwanin, da ya dira, bai ko kalli ɓarnar ba, ya sake tambaya.

Mace ce. Ta taso tana tsokanarsa. Duk sanda zai zauna sai ta ce, "Baba, tayoyi!" Ya ce, "Ke kika jawo. Ko ido ba ki buɗe ba kika kashe wa mutane jirgi." Bayan ya yi ritaya, makarantar tuƙin jirgi ta riƙa gayyatarsa duk shekara ya ba ɗalibai labarin, su yi ta dariya, su kuma koyi kama baki lokacin sauka. Yakan ce shi kaɗai ne malamin da aka ɗauka saboda ya faɗi jarrabawa.

Bara 'yar ta rasu, tana da shekara ashirin da uku, bayan jinyar kwana tara. Tun daga nan sunan ya ɓace. Kowa sai "Kyaftin", da murya ƙasa-ƙasa. Shugaban makarantar ya kira shi ya ce bana ya yi magana a kan hadari da iska kawai. Ya ƙi. Gani yake in aka daina ba da labarin, an share ranar da ta zo duniya.

Ya tsaya gaban ɗalibai ya kwashe komai, har takalmin likita. Ba wanda ya yi dariya. Ashe an ja musu kunne. Da ya zo kan "mace ko namiji" sai ya katse labarin. Ya juya yana lalubar kujera.

Daga layin baya maiɗakinsa, wadda ta rako shi, ta ce, "Tayoyi, Jan-Ciki."

Wata ɗaliba ta tuntsire, sauran suka bi. Ya sunkuya ya duba ƙafafun kujerar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna.