Mutumin da Na Ce Zan Ceta a Bakin Gulbi

Ni mutumin Zagga ne. Sunana kuwa ku bar shi, mahaifiyata tana da rai, kuma kunyar da na ja mata ta ishe ta. Kafin in lalace manomi ne ni. Damina ina fadamar kawuna muna noman shinkafa, rani in hau mashin in yi kabu-kabu tsakanin Bagudo da ƙauyuka. Ba ni da komai, amma ban taɓa hango mai kaki gabana ya faɗi ba. Samari, da ku nake, musamman ku da nake ji a majalisa kuna zuga juna wai zamanin nan duk namiji ya kamata ya soke bindiga a ƙugu don ya taimaki wanda aka zalunta. Ni na yi irin taimakon nan, ku saurara ku ji.

Abin ya faro ne daga jarkar fetur. Wani ɗan sumoga ya ba ni aikin kai masa jarkoki ƙasar Benin ta hanyar daji. Tun ina kaiwa cif, sai na fara tsiyaye 'yar kwalba daga kowace jarka, ina ce wa kaina ai zufata ce. Daga kwalba na koma jarka sukutum, in dawo ina rantsuwa cewa kwastan ne suka ƙwace. Da bakina ya saba da rantsuwar ƙarya, hannuna bai yi wata gardama ba. Na shiga ɗauke mashinan mutane ranar kasuwa ina tsallakawa da su iyaka. Mashin ɗin talaka ɗan'uwana, wanda na san da shi yake ciyar da gida. Tir da ni.

Abokan wannan sana'a ba su da amana, ba a juya musu baya, don haka na sayi ƙaramar bindiga ƙirar maƙera a can tsallake, na riƙa soke ta ƙarƙashin riga. Kawuna ne ya fara ganewa, a masallaci kuwa, don ya lura ba na iya sunkuyawa sosai a ruku'u. Bayan an sallame ya ja ni gefe ya ce, "Wanga abu da ke ƙugunka, ka tafi ka jefa shi gulbi." Na ce masa ai don masu garkuwa da mutane na riƙe ta, ko Allah zai sa wata rana in ceci wani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tofar da yawu ya wuce.

Ƙarya na yi masa, amma da na yi ta maimaita ta sai ni ma na yarda da ita. Ba wanda ya gaya mini yadda ƙarfen nan yake canza mutum. Da can in aka taka ni a kasuwa haƙuri nake bayarwa. Yanzu ko kallon banza aka yi mini sai in ji ta tana taɓa fatata. Tafiyata ta canza, kaina ya kumbura. Na koma ina fatan wani abu ya faru a gabana, in fito da ita, gari ya ɗauka cewa wane namiji ne. Wallahi har tsara labarin nake yi a raina, yadda za a ba da shi a wurin mai shayi.

Ranar ta zo da hantsi. Ina wani mashigi a bakin gulbi, inda ba a san ni ba, ina jiran jirgin da zai tsallakar da ni da wani mashin da na sato. Sai ga mutum uku sun gangaro suna jan wani saurayi, an ɗaure masa hannu ta baya, rigarsa a yage. Yana tirjiya yana ihu, jama'a ku cece ni, za su kashe ni. Suka kwantar da shi cikin jirgi, na gaban ya shiga ɗaure shi da katakon zama.

Na duba mutanen wurin. Mata na wanki, masunta na warware komar kamun kifi, wata tsohuwa tana kankare ɓawon kifi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wani takaici ya kama ni, na ce a raina dubi matsorata, ana sace mutum da rana tsaka sun zuba ido. Bai zo mini ba cewa mutum ɗari ba za su yi shiru haka banza ba. Ban yi sallama ba. Ban tambayi kowa ba, ga tsohuwar nan kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Na zaro bindiga na auna mai igiyar na danna kunama.

Ya faɗi cikin jirgin, harsashi ya farfasa masa kafaɗar dama. Na tsaya hayaƙi na tashi, ina jira a yi mini kirari. Sai na ga wanda na ce zan ceta ya ja jiki a ɗaure, ya kifa fuskarsa cikin jinin mutumin nan yana kuka yana cewa, "Yaya, tashi. Yaya Hamidu, tashi."

A bakin masu dukana na ji sauran bayanin. Saurayin sunansa Sule, yana da taɓin hankali. Wanda na harba wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci, sauran biyun maƙwabta ne da suka zo taimako. Duk sanda ciwon ya tashi sukan tsallaka da shi wurin mai magani. Ya taɓa zabura a tsakiyar ruwa ya kusa kifar da jirgi da mata da jarirai a ciki, tun daga nan masu jiragen wurin suka ce ba mai ɗaukarsa sai a ɗaure. Kowa a mashigin ya san haka. Ni kaɗai ne baƙo, ni kaɗai ne mai bindiga.

Da sun kashe ni a wurin, kuma da ban ga laifinsu ba. Sarkin jirgi ne, wani dattijo da ko sanda babu a hannunsa, ya shiga tsakani ya tsaya a kaina har 'yan sanda suka zo. A kotu aka haɗa mini harbi da bindiga da mashin ɗin sata, aka tura ni gidan yari.

Ba zan ɓata muku lokaci da warin bokitin bayan gida da ƙwarƙwata da ƙazwa ba, duk wanda ya shiga ya sani. 'Yan ɗakinmu suka laƙaba mini Mai Ceto, in na wuce su kwashe da dariya, wannan ma na jure. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne abokaina da suka zo ziyara suna ce mini kar in damu, ai niyyata mai kyau ce. Wace niyya? Ni na san abin da ke raina lokacin da na danna kunamar nan. Ba Sule nake gani ba, kaina nake gani ana nuna ni a kasuwa. Shekarun da na yi a ciki, wannan ne ya hana ni sakewa, kuma a kansa na tuba.

Da na fito, na roƙi kawuna ya raka ni ƙauyensu Hamidu. Mun same shi a ƙofar gida yana gyaran koma da hannu ɗaya da haƙori. Hannun damansa ya shanye, yana reto kamar tsumma. Ba ya iya tuƙa jirgi, ba ya iya jefa ragar birgi. Bai tashi ba, bai kuma kore mu ba. Ya ce mu biyo shi.

A bayan gida, gindin wata bishiya, Sule yana zaune da marin ƙarfe a ƙafa, an haɗa shi da kututture. Ƙafar ta yi gyambo, ƙudaje sun rufe ta, wurin sai zarnin fitsari. Hamidu ya ce tun ranar nan ba a sake kai shi magani ba. Shi ba zai iya riƙe shi da hannu ɗaya ba, maƙwabta kuwa sun janye, kowa ya ce ba zai je a harbe shi a kan ɗan wani ba. Aka kawo tuwo. Sule ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai na wansa, sai na ga Hamidu ya gutsura da hagu yana ba shi a baki, yana kawar da kai don kunyarmu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na durƙusa na nemi gafara. Hamidu ya ce, "Nawa na yafe maka. Na Sule kuwa, ga shi nan, ka tambaye shi."

Sule ya dube ni ya yi murmushi, bai gane ni ba. Ya tambaye ni ko ni ne zan kwance shi.

To samari, ban ce ku ga ana zalunci ku wuce ba. Ku yi sallama, ku tambaya, ku yi kururuwa, ku tara jama'a, ku kira hukuma. Duk waɗannan in kun yi kuskure ana ba da haƙuri a wuce. Harsashi in ya fita ya fita. Mai bindiga a ɓoye ba ya tambaya, don ƙarfen ya riga ya gaya masa shi ne mai gaskiya. Wanda yake da ita a cikinku ya rabu da ita tun yau, kafin ya ga rabin labari ya yanke hukunci a kan gidan da bai sani ba.

Ni yanzu na koma fadamar kawuna. Na kuma ce wa Hamidu duk ranar da ciwon Sule ya tashi ya aiko mini, kuma yana aikowa. Ni nake ɗaure shi, ni nake jan igiyar zuwa jirgi, yana tirjiya yana ihu jama'a su cece shi za mu kashe shi. Duk sanda muka gangara mashigin nan, ba ruwa nake kallo ba. Ƙugun baƙin samarin da ke tsaye nake kallo, ina addu'a Allah ya sa babu irina a cikinsu.