Ranar da Daktan Barci Ya Kashe Auren Ƙanena

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zai kwashe damunar da taubashina ya tashi gyara auren ƙanena ya kashe shi murus ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, muna Yammedi.

Taubashin nan ɗan gwaggona ne. An tura shi Turai karatun likita, ya dawo wai ƙwaƙwalwa yake bincike, ɓangaren barci. Ni kuwa na samu abin yi. Duk inda muka haɗu sai in ce, "Dakta, jirgi ka hau ka je koyon abin da akuyarmu ta iya?" Yau Farfesa ne, ɗalibansa sun cika jami'o'i, amma bai tsira daga bakina ba.

Ƙanena kuwa barci ke ɗauke shi ko'ina: a sahun salla, a kan jaki, ko da lomar tuwo a hannu. Gari duk rago ake ce masa. A haka ya samu yarinya a ƙasar Rogo, suna son juna ƙwarai. Ranar gayyar surukai muka kwashi samari muka tafi gonar uban yarinyar. Ganga na tashi, ana ta huɗa, aka waiwaya babu mai neman aure. Can aka tsinto shi a tsakiyar gero, ya yi matashi da garma yana minshari. Tsohon ya ce ba zai ba rago 'yarsa ba.

Babanmu ya ce a bari ya huce, a tura dattawa da goro. Sai Dakta, da ke gida hutu, ya ji labari, idonsa ya kawo wuta kamar kura ta ga akuya. Ya titsiye yaron da tambayoyi, sannan ya ce wannan ba lalaci ba ne, cuta ce: ƙwaƙwalwarsa ce ba ta iya raba barci da farke, shi ya sa ko dariya ya yi sosai jikinsa ke saki. Ya ce a bar dattawa su huta, shi zai je da hujja.

Muka tafi mu uku. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, Dakta ya zuba bayani, sannan ya ce in ba ƙanena dariya. Abin nema ya samu. Na miƙe na kwaikwayi tafiyar Dakta da yadda yake taunar Hausa. Yaron ya tuntsire, gwiwoyinsa suka saki, wuyansa ya langaɓe, ya zube a tabarma yana jin duk abin da ake faɗa. Dakta sai murmushi yake, shi a dole ya ci nasara.

Tsohon ya daɗe yana kallon yaron. Ya ce, "Ikon Allah. To likita, tana warkewa?"

"Gaskiya, Baba, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta."

"Ayya, ɗana. Ni da ma tsorata shi na yi, dattawanku nake jira mu daidaita. Da rago ne, aure da bakin yara sa gyara shi. Amma wanda dariya ke kayarwa, ranar da ya ɗauki jikana ya yi masa wasa fa? Ku yi haƙuri."

A hanyar dawowa ban iya zolayar kowa ba, takaici ya cika ni. Ƙanena ne ya fara magana. Ya ce, "Yaya Dakta, ashe ba halina ba ne?" Da Dakta ya ce ai ba halinsa ba ne, sai yaron ya fashe da kuka, mu kuwa muka rasa gane ko na rashin yarinyar ne ko na wanke shi da aka yi.

Daga baya Dakta ya tafi da shi birni, ya liƙa masa wayoyi a ka, ya ɗora shi kan magani da ɗan barcin rana. A kansa ya fara rubutun da ya fito da sunansa a duniya. Yarinyar kuwa kafin wata damuna ta yi aure a Tudun Kaya.

Abin da na koya shi ne, gaskiya ma tana bukatar dattijo ya riƙe mata hannu. In ka sake ta ta shiga zauren surukai ita kaɗai, za ta wanke ka tas, ta kuma raka ka gida babu mata.